Gosulo: wai da wane mudu ake auna cunkoson motoci a babban titi?

Duk wanda yake kwana a Masaka ko Ado ko Mararraba yana aiki a cikin Abuja ba sai an yi masa bayanin gosulo ba, ya san shi a bayansa da aljihunsa. Nima hanyata kenan kusan kullum. Rannan da safe mun kafe wajen gadar Karu sai gardama ta kaure tsakanin direbanmu da wani dattijo da ke zaune a gaba. Direba yace yau titi da sauƙi, dattijon yace "Haba direba, wane irin sauƙi, tun yaushe muke nan?" Direba yace "Baba ai da ka ga na jiya ne, yau ko ba komai taya na juyawa." Kowa a motar ya sa baki, har muka sauka a shataletalen AYA da ke cikin Abuja ba a tsaya a magana ɗaya ba. Abin da ya tsaya min a rai shine a cikinsu babu wanda yayi ƙarya, kowa dai da mudun da yake awo da shi, direba yana kallon ko mota na motsi, Baba kuma agogon hannunsa yake kallo.

To mu fasinjoji in mun yi gardama mun watse ba a yi asarar komai ba. Amma hukumar da zata fitar da biliyoyi tace zata yi gadar sama ko ta ƙara faɗin titi fa, ita da me take sanin nan ya fi can tsanani? Wannan tambayar injiniyoyin hanya sun shafe shekara kusan 90 suna fama da ita, kuma amsar ba ta da sauƙi yanda mutum zai zata.

Abu na farko da zai zo wa kowa a rai shine a ƙirga motoci. A ajiye mutum a bakin titi da biro da takarda, duk motar da ta wuce ya ja layi, bayan awa ɗaya a haɗa. Ana yin haka kuma yana da amfani, amma shi kaɗai yaudara ne, kuma in ka gane dalilin ka gane rabin maganar. Ka hau gadar masu tafiya a ƙafa a Mararraba da ƙarfe 3 na dare ka ƙirga, motoci kaɗan zaka samu sabida babu kowa a hanya. Ka dawo da ƙarfe 7 na safe ranar Litinin lokacin da titi ya cushe ba masaka tsinke, ka sake ƙirga waɗanda suka wuce ta ƙarƙashinka, nan ma kaɗan zaka samu, sabida ba sa tafiya. Lamba iri ɗaya a takarda, alhali ɗaya titi ne fayau ɗaya kuma azaba ce. Wanda ke zaune a ofis yana duba takardar nan ba zai iya bambancewa ba.

Shi ya sa masana suke haɗa abubuwa uku. Akwai kwarara, wato mota nawa ke wuce wani wuri a cikin awa ɗaya. Akwai gudu, kilomita nawa suke ci a awa. Sai kuma cushewa, wato in ka ɗauki hoton titin daga sama yanzu-yanzu, mota nawa zaka gani a kan kilomita ɗaya na layi ɗaya. Ukun nan ɗaure suke da juna, in ka ninka cushewa da gudu shine zai baka kwarara. Wani Ba'amurke mai suna Bruce Greenshields na cikin waɗanda suka fara auna wannan, ya riƙa kafa kyamara a gefen hanya tana ɗaukar hoto a jere, a 1935 ya fitar da bincikensa da ke nuna yanda gudu ke sauka yayin da motoci ke ƙara matsuwa. Har yau da shi ake fara koya wa ɗalibai wannan fanni.

Bari mu buga lissafin da misali. A ce layi ɗaya akwai mota 10 a kowace kilomita, kowa na gudun 90, to mota 900 ke wucewa a awa. Motoci suka ƙaru suka kai 25 a kilomita, gudu ya ɗan sauka zuwa 80, yanzu mota 2,000 ke wucewa a awa, kaga titi yana aiki sosai, ya cika amma yana tafiya. Sai aka ƙara cusowa har suka kai 90 a kilomita, kowa na jan ciki da gudun 10, lissafi ya koma 900 a awa, daidai da lokacin da titin yake kusan wayam. In kuma suka haɗe gaba da baya, mota ɗaya da ɗan ratar da ke gabanta suna cin kamar mita 7, wato wajen mota 140 a kilomita, gudu sifili, to kwarara ma sifili. Ma'ana akwai wani gaci da in cushewa ta haura shi, ƙarin mota ba ya ƙara yawan masu wucewa, rage shi yake yi. Kamar ƙofar masallaci ne ranar Juma'a bayan sallama, in an fita a natse mutane da yawa zasu fita a minti ɗaya, in kowa ya danno a lokaci guda sai ƙofar ta toshe, ita dai ƙofar faɗinta bai canza ba.

Kuma layi ɗaya yana da iyakar abin da zai iya ɗauka komai kyawun kwaltarsa. A makarantar koyon tuƙi ana cewa ka bar ratar sakan 2 tsakaninka da na gabanka. Awa ɗaya sakan 3,600 ce, in ka raba biyu zaka samu mota 1,800. A manyan titunan Amurka inda babu mai tsayawa ɗaukar fasinja kuma babu mai tsallaka titi da ƙafa, direbobi na ɗan matsewa fiye da haka, shi ya sa littafin da injiniyoyinsu ke aiki da shi yake sa iyakar a wajen ƙananan motoci 2,200 zuwa 2,400 a awa a kan kowane layi. Wannan a titi mai lafiya kenan. Namu da ake lodi a kai, ga masu talla, ga rami, ba zai kai nan ba.

Littafin nan sunansa Highway Capacity Manual, an fara buga shi a 1950, a bugun 1965 kuma aka shigo da tsarin bai wa titi maki kamar na jarrabawa, daga A zuwa F. A babban titi cushewa ake dubawa wajen bada makin. In ƙananan motoci ba su wuce 7 a kilomita a layi ɗaya ba, A kenan, ka sauya layi yanda kake so. B ya tsaya a 11, C a 16, D a 22, E a 28, nan titi ya kai maƙura, ko burki mutum ɗaya ya taka da ƙarfi sai kowa ya ji a jikinsa. Abin da ya haura haka F ne. Ni a ganina nan tsarin yake da rauni idan aka kawo shi wajenmu, sabida F ɗin bakinsa a buɗe yake, titin da ake tafiya da gudun 40 F ne, wanda aka kashe inji aka fito ana shan iska a gefe shima F ne. Ga mutumin Nyanya tsakanin waɗannan biyun akwai tazarar sama da ƙasa, amma a takarda harafi ɗaya ne.

Sannan ka lura na ce ƙananan motoci. Tirela ba ɗaya take da Corolla ba, ta fi tsawo, tashinta a hankali, in ta zo hawa kamar na Kugbo kuwa sai ta riƙe duk wanda ke bayanta. Dan haka ake mayar da komai zuwa ma'aunin ƙaramar mota, babbar mota a lissafa ta kamar biyu ko uku, a kan hawa ma fiye da haka, babur kuma ƙasa da ɗaya. Amma wannan lissafin an gina shi ne a kan cewa kowa na bin layinsa. A Kano in ka tsaya a titin Katsina wajen Kurna ko a titin Zariya da yamma, zaka ga titin da aka zana wa layi biyu adaidaita sahu sun mayar da shi huɗu, kowa ya cusa kai inda ya ga kafa. A irin wannan wurin maganar mota nawa a layi ɗaya ma ba ta taso ba, sai dai a auna faɗin titin gaba ɗaya. In aka kwafo lambobin Amurka aka ɗora ba tare da an fita an auna namu ba, sakamakon zai yi kyau a takarda ne kawai.

Ta ina ake samo lambobin? A ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci ana yanka kwalta a binne waya a naɗe, duk ƙarfen da ya bi ta kai sai na'ura ta ji. Tana ƙirga motoci, tana kuma auna tsawon lokacin da wayar ta yi a ƙarƙashin mota, wanda shine ke nuna cushewa, dan in mota ta zauna a kanta ba ta gusa ba an san titi ya tsaya. In aka binne biyu kusa da juna har gudu suna bayarwa. Jihar Kalifoniya tana da dubbansu a manyan titunanta. Akwai kuma robar da ake shimfiɗawa a gicciye na 'yan kwanaki, taya ta taka iska ta buga a ƙirga, akwai kyamara, akwai na'urar rada mai auna gudu. Duk suna buƙatar wuta da kulawa.

Wanda yafi kusa da mu shine na wayar hannu. Layukan nan kore da ruwan lemo da ja da kake gani a Google Maps, ba wani ne ke leƙowa daga sama ba, wayoyin mutanen da ke cikin motocin ne ke aika inda suke da saurin da suke tafiya, in wayoyi da yawa a kan titi ɗaya suna jan ciki sai a shafa masa ja. Kamfanoni irin su TomTom da INRIX ma da irin wannan bayanin na GPS suke fitar da jerin biranen da suka fi cunkoso duk shekara. Yana da amfani ƙwarai, ni kaina kafin in fito nakan duba. Amma wayoyi yake gani, ba motoci ba. A wani bidiyo da ya fito a 2020, wani mai zane a Balin ta Jamus, Simon Weckert, ya zuba wayoyi 99 a ɗan ƙaramin kuran hannu ya riƙa ja a hankali a kan titin da babu kowa, taswirar ta nuna ja wur kamar an yi gosulo. To ka kwatanta da namu, bas ɗaya cike da mutane kowa da waya, ko kuma akasin haka, hanyar da yawancin masu binta ba su kunna data ba. Kuma launin yana gaya maka gudu ya sauka ne kawai, ba ya gaya maka mota nawa ne a wurin balle dalilin tsayuwar.

Yanzu mu dawo kan mudun Baba, wato agogo, dan ni a wajena shine yafi kusa da gaskiyar abin da mutane ke ji. Ana ɗaukar lokacin da tafiya ke ci a sa'ar cunkoso a raba da lokacin da take ci in hanya a sake take. A ce daga gidanka zuwa wajen aiki minti 20 ne ranar Lahadi da sassafe, ranar aiki kuma minti 50, to ma'auninka 2.5 kenan. Cibiyar nazarin sufuri ta jami'ar Texas A&M ta daɗe tana amfani da irin wannan wajen kwatanta biranen Amurka. Daɗinsa kowa na iya ganewa, kuma ana iya juya shi zuwa asara. A misalin nan minti 30 ke tafiya a banza da safe, 30 da yamma, awa ɗaya kenan kullum, in kana aiki kwana 20 a wata awa 20, a shekara awa 240, kwana 10 cur dare da rana kana zaune a mota kana shaƙar hayaƙi. Ka ninka da yawan mutanen da ke cikin motocin, ba yawan motocin ba, dan bas mai mutum 18 da ta maƙale ba daidai take da jif mai mutum ɗaya ba. Wannan bambancin yana da girma, domin in motoci kake ƙirgawa maganin da zai zo maka shine ƙarin layi, in kuma mutane kake ƙirgawa zaka fara tunanin ware wa bas layinta yanda aka yi a Legas tun 2008.

Shi ma dai wannan ma'aunin na agogo yana da tarko. Ana kwatanta titi ne da kansa, to in titin dama ko da tsakar dare ba a iya gudu a kansa sabida ramuka da shingaye, sai ma'aunin ya fito ƙarami, ya zama kamar babu matsala, alhali mutane na shan wahala safe da dare.

Akwai kuma abin da matsakaicin lissafi ke ɓoyewa, kuma wallahi shine yafi ci min rai. Da ace kullum minti 50 ne ba ƙari ba ragi, da mutum ya tsara rayuwarsa a kai ya huta. Matsalar ita ce yau 40, gobe 55, jibi tirela ta faɗi ko an yi ruwa ka share awa biyu. Wanda ke da jirgin da zai kama, ko mai kai mara lafiya asibiti, ko ma'aikacin da ake rufe rajista ƙarfe 8, ba da matsakaici yake lissafi ba, da mummunar rana yake yi. Shi ya sa mutane ke fitowa daga Masaka tun kafin asuba suna yin sallah a hanya. Masana suna da ma'auni na wannan, suna duba lokacin da in ka ware shi zaka isa a kan kari sau 95 cikin 100. A sauƙaƙe, ka rubuta lokacin tafiyarka na kwana 20, ka jera daga ƙarami zuwa babba, ka ɗauki na 19. In ya kama minti 80 a tafiyar da asalinta minti 20 ce, to ninki 4 kake warewa kullum ko da ranar zata zo da sauƙi, kuma barcin da ka rasa da yaran da ka fita ba su tashi ba duk suna cikin wannan ratar. Titi biyu zasu iya yin kunnen doki a matsakaici amma ɗaya yafi ɗaya cutarwa nesa ba kusa ba.

Wani abin da awo ke bankaɗowa shine inda kake tsaye sau da yawa ba nan ciwon yake ba. A ce titi mai layi uku motoci 4,500 ke shigowa a awa, a can gaba masu bas sun mamaye layi ɗaya suna lodi, saura biyu da ba zasu fitar da fiye da 3,600 ba. Duk awa mota 900 na taruwa, in ka shimfiɗa su a layi uku, kamar 100 a kowace kilomita, wutsiyar ta kai kilomita 3 a awa ɗaya tak. Wanda ke can ƙarshen wutsiya zai rantse titin wajensu ne yayi kaɗan, alhali abin da ya riƙe shi bai fi tsawon mita 100 ba kuma bai ma hango shi ba. Waɗanda suka bi hanyar nan bayan harin bam na tashar Nyanya a Afrilun 2014 sun ga wannan da idonsu, lokacin da aka kafa shingayen bincike, wuri ɗaya aka matse amma jerin motoci ya miƙe har cikin jihar Nasarawa. Haka abin yake a Tafa da Mararrabar Jos a hanyar Abuja zuwa Kano in manyan motoci suka yi fakin a kafaɗar titi. Dan haka mai awo na gaskiya kan gosulon yake nema, wurin da motoci ke fita su sake, ya auna abin da ke fita a nan.

Wani lokacin ma gosulon ba shi da kai sam. Ka sha wahala ka fito ka duba babu hatsari babu shinge, ka rasa me ya tsayar da ku. Masu bincike a Japan sun gwada wannan, sakamakon ya fito a 2008, suka sa mota 22 a da'ira mai tsawon mita 230 suka ce kowa ya riƙe gudun 30. Ba a jima ba wani ya ɗan rage, na bayansa ya taka burki fiye da shi, na bayan wancan ya ƙara, sai ga motoci sun tsaya cak a wani sashe, kuma tsayuwar tana tafiya da baya da saurin kusan kilomita 20 a awa. Cushewa ce kawai ta kai gaci. Irin wannan ba ya faruwa a titin da ke da sarari.

Inda awo yake zama aiki ba ado ba, Singafo ce misalin da nafi so. Tun 1975 suka fara karɓar kuɗi a hannun mai shiga tsakiyar gari da mota a lokacin cunkoso, a 1998 suka mayar da shi na na'ura. Abin burgewar shine sun ɗaure kuɗin da ma'auni, sun ce a manyan titunansu ana son gudu ya zauna tsakanin 45 da 65 a awa, a titunan cikin gari tsakanin 20 da 30. Lokaci-lokaci sai su duba, in gudu ya faɗi ƙasa da haka a ƙara kuɗin wannan wurin a wannan sa'ar, in ya haura a rage. Ba ina cewa a zo a ɗora wa ɗan Mararraba haraji ba, mutumin da ba shi da wata hanyar zuwa aiki sai wannan, abin da nake nunawa shine sun faɗi lamba a fili wadda kowa zai iya kama su da ita. A ɗaya gefen kuma ga Katy Freeway a Hustan ta Amurka, an kashe kusan dala biliyan 2.8 aka faɗaɗa shi, aka gama a 2008, cikin 'yan shekaru lokacin tafiya a sa'ar cunkoso ya sake hawa sabida sabon faɗin ya jawo sabbin motoci. An san haka ne dan ana awo kafin aiki da bayan aiki.

Abin da nake so in gani a wajenmu kenan. Duk gadar sama ko faɗaɗa titi da za a yi, a Abuja ne ko Kano ko Kaduna, a gaya mana kafin a fara minti nawa tafiyar ke ci daga nan zuwa can da ƙarfe 7 na safe, a mummunar rana nawa take ci, mutum nawa ke bi, sannan bayan shekara ɗaya da buɗewa a dawo a sake aunawa a wuri ɗaya a sa'a ɗaya. Kuma wannan ba sai an jira na'urar binnewa a kwalta ba. Ɗalibai biyu sun isa su fara, ɗaya ya tsaya a Mararraba ɗaya a AYA, agogonsu a saite, kowa na rubuta lambobi uku na ƙarshen lambar motocin da suka wuce shi da lokacin, da yamma a haɗa takardun a ga wace mota ta ci minti nawa. Na uku ya hau gada ya riƙa ɗaukar hoton titin duk bayan minti 5 dan a ƙirga cushewa. Ni dai na fara nawa daga kujerar fasinja, ina rubuta lokacin da na shiga mota da lokacin da na sauka a bayan wani ɗan littafi, in kwana 20 sun cika zan jera su in ga abin da na 19 zai nuna.